Hunturun Dodgers na 2023 zuwa 2024: ta yaya ake gane jita-jitar musaya da za ta tabbata?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin besbol. Da zarar an kammala World Series, wasannin ƙarshe na cin kofin besbol a Amurka, sai labari ya cika ko'ina: wane zai tafi can, wane an sa shi a kasuwa. Mafi yawa ba sa tabbata. Mu ɗauki hunturu ɗaya da dukkanmu muka bi da idonmu, na kulob ɗin Los Angeles Dodgers daga Nuwamban 2023 zuwa Fabrairun 2024, kowa ya kawo abin da ya lura da shi.

Ni abin da nake fara dubawa shi ne jerin mutum 40. Kowane kulob yana da kujeru 40 kacal, daga cikinsu 26 ke wasa a babban lig, wato MLB. A cikin kakar wasa, wanda ya ji rauni mai tsawo ana tura shi jerin jinyar kwana 60, kujerarsa ta zama fanko. To amma kwana biyar bayan World Series ana rufe wannan jerin, majinyata duka su dawo cikin 40 ɗin, kuma ba a sake buɗe shi sai an fara atisayen share fage a Fabrairu. Ke nan a hunturu duk wanda zai shigo, sai wani ya tashi.

Ranar 9 ga Disamba Shohei Ohtani, tauraron nan ɗan Japan mai bugu da jifa, ya sanar da cewa Dodgers zai je, alhali jerinsu a cike yake. Bayan kwana biyu suka aika Victor González da Jorbit Vivas zuwa Yankees, suka karɓi Trey Sweeney, matashin da bai kai lokacin buƙatar kujera ba. Kujeru biyu suka samu: ɗaya ta Ohtani, ɗaya ta Joe Kelly. Da Yoshinobu Yamamoto, mai jifa daga Japan, ya sa hannu, Bryan Hudson aka cire, ya ƙare a Brewers inda ya yi kaka mai kyau. A Janairu kuma Michael Busch da Yency Almonte suka tafi Cubs, aka karɓo matasa biyu, Jackson Ferris da Zyhir Hope, Teoscar Hernández da suka ɗauko ya samu wurin zama. Busch ba don rashin iyawa ya tafi ba. Freddie Freeman na tsare da tasha ta farko, Max Muncy na ta uku, Ohtani ya karɓe gurbin mai bugu zalla, wanda ba ya tsaron fili. Ina za a sa shi? Ya je Cubs ya buga ƙwallo waje sau 21 a 2024.

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam. Baban Khalifa ka fara daga inda ya dace. Bari in ɗora da kuɗi, don a nan mutane suka fi ruɗewa.

Besbol ba shi da iyakar albashi ta dole, amma akwai harajin wuce iyaka. A 2024 iyakar dala miliyan 237 ce. Wanda ya wuce karon farko yana biyan kashi 20 cikin ɗari na abin da ya ɗora, karo na biyu a jere kashi 30, na uku zuwa sama kashi 50. Sannan akwai matakai uku a sama, a miliyan 257 da 277 da 297, kowanne da ƙarin tara. Dodgers sun riga sun wuce shekara uku a jere, don haka nasu ya kama kashi 50, sai 62, sai 95, sai 110 a mataki na ƙarshe. Ma'ana idan albashinsu ya haura miliyan 297, ɗan wasan da suka ba miliyan 10 a zahiri miliyan 21 ya ci musu. Wanda ya haura iyaka da miliyan 40 kuma ana mayar da zaɓinsa na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa baya da gurbi goma.

Abin da ake ƙirgawa ba kuɗin da aka biya a shekarar ba ne, matsakaicin kwantiragin ne. Na Ohtani shekara 10 ne a kan dala miliyan 700. Da an biya shi kai tsaye, miliyan 70 za a rubuta masa duk shekara. Sai aka jinkirta miliyan 680: yana karɓar miliyan 2 a shekara yanzu, sauran za a biya shi miliyan 68 duk shekara daga 2034 zuwa 2043, ba tare da ruwa ba. Tunda kuɗin gobe bai kai na yau daraja ba, lissafin haraji ya sauko zuwa kusan miliyan 46 a shekara. Wannan tazarar ta kusan miliyan 24 ita ce ta buɗe ƙofar sauran sayayyar.

Kuskuren da na ga ana ta yi shi ne cewa wai Dodgers miliyan 2 kawai suke fitarwa. Ba haka ba ne. Ƙa'ida ta tilasta wa kulob ya riƙa ware kuɗin da aka jinkirta a asusu, gwargwadon darajarsa ta yanzu, wanda a nan ya kai kusan miliyan 44 na kowace shekara. Kuma duk da dabarar, harajin da suka biya na 2024 ya haura miliyan 100. Idan ka ji an ce kulob kaza na neman babban ɗan wasa, duba nisan da ke tsakaninsa da iyakar, ka kuma duba ko mai kulob ɗin ya taɓa yarda ya wuce ta.

Kawu Na Bakin Kasuwa:

Ga 'ya'yanmu da suka saba da kasuwar ƙwallon ƙafa ta Turai, akwai bambancin da sai an riƙe shi. A nan ba a sayen ɗan wasa daga wani kulob da kuɗin sayarwa. Mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kuma kwantiragi na bin mai shi duk inda ya je. Ba a ma tambayar ɗan wasa, sai fa idan an rubuta masa haƙƙin ƙin musaya, ko ya yi shekara 10 a babban lig, biyar na ƙarshe a kulob ɗaya.

Farashin mutum a musaya shekarun da suka rage a hannun kulob ne ke yanke shi. Kwana 172 a babban lig su ne shekara ɗaya ta aiki. Shekara uku na farko albashi kusa da mafi ƙanƙanta ne, wanda a 2024 dala 740,000 ne. Daga uku zuwa shida sai a shiga sulhun albashi, inda kowane ɓangare ke kawo adadinsa, in ba a daidaita ba alƙalai su zaɓi ɗaya daga cikin biyun, babu rabawa tsakiya. Bayan shekara shida ya zama mai 'yancin kansa.

Ku auna cinikin Tyler Glasnow da wannan ma'aunin. Shekara ɗaya ta rage masa a Tampa Bay Rays, a kan miliyan 25. Rays kulob ne mai tsuke aljihu, kuma al'adarsu ce su saki mutum kafin ya tafi a banza. Duk mai bin lamarin ya san za a sake shi, inda zai je ne kawai ba a sani ba. Dodgers suka ba da Ryan Pepiot, mai jifa da ke da sauran shekara biyar a hannu, da Jonny DeLuca, suka karɓi Glasnow da Manuel Margot. Amma sun sa sharaɗi: sai Glasnow ya amince da tsawaita kwantiragi. Ya sa hannu na shekara biyar a kan miliyan 136.5 kafin cinikin ya faɗa. Ba don haka ba, ba za su ba da shekara biyar don shekara ɗaya ba.

Haka Juan Soto a makon Disamba na farko. Shekara ɗaya ta rage masa a Padres, albashinsa ya doshi miliyan 31, Padres na son rage kashe kuɗi kuma suna ƙishirwar masu jifa. Yankees suka ba da mutum biyar, huɗu masu jifa ne, Michael King a gaba. Jita-jitar da ta haɗa waɗannan abubuwa uku, shekara ɗaya da albashi mai nauyi da kulob mai son sauke kaya, ita ce ke tabbata.

Ɗan Birni:

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ni batun majiya zan taɓa. Ranar Juma'a 8 ga Disamba labari ya bazu cewa Ohtani na cikin jirgi zuwa Toronto don sa hannu da Blue Jays. Dubban mutane suka zauna suna bin wani ƙaramin jirgin haya da ya tashi daga kudancin Kalifoniya a manhajar bibiyar jirage. Da ya sauka, ɗan kasuwar nan na Kanada Robert Herjavec ne ya fito. Ohtani na gida. Ɗan jaridar da ya saki labarin ya nemi afuwa a daren, washegari kuma Ohtani da kansa ya wallafa tambarin Dodgers a Instagram.

Ba wai Toronto ba ta cikin neman ba, tana ciki da gaske. Matsalar ita ce ɓangaren Ohtani sun toshe bakin kowa tun farko, don haka duk abin da ya fito daga gefe ya fito. Ku riƙa karanta kalmomin da kyau. “Sun nuna sha'awa” ba komai ba ne, kiran waya ɗaya ya isa a rubuta haka. “Suna tattaunawa” ya ɗan fi. Labarin da ya zo da adadin shekaru da adadin kuɗi, kuma manyan 'yan jarida biyu ko uku suka tabbatar cikin 'yan mintoci, shi ne ya kusa. Sannan ka tambayi kanka wa labarin ya amfana. Wakilin ɗan wasa na son a ji masu nema sun yi yawa don farashi ya tashi. Kulob kuma na son magoya baya su ji ya yi ƙoƙari.

Maman Iman:

Ɗan Birni, ko wanda ya zo da adadin ma sai an yi hattara, don akwai gwajin lafiya. Hunturun da ya gabaci wannan, Carlos Correa ya amince da Giants a kan shekara 13, miliyan 350. An shirya taron gabatar da shi, aka ɗage a ranar, saboda likitoci ba su gamsu da idon sawunsa na dama ba, wanda aka yi wa tiyata tun 2014 yana ƙaramin lig. Cikin dare Mets suka shigo da shekara 12, miliyan 315. Su ma likitocinsu suka tsaya a wuri ɗaya. Ya koma Twins a Janairun 2023 da shekara 6, miliyan 200. Ƙafar ba ta hana shi wasa a lokacin ba, abin da ake tsoro shi ne yadda za ta kasance a shekara ta takwas ko ta goma. Iya tsawon kwantiragi, iya tsananin binciken.

A kan Glasnow kuwa ina da ja da Kawu. Tsarin cinikin daidai ne, amma haɗarin a fili yake. An yi masa tiyatar gwiwar hannu a 2021, kuma kafin ya zo bai taɓa jefa fiye da zagaye 120 a kaka ɗaya ba. A 2024 ya kai 134, sai gwiwar hannun ta sake tashi a Agusta, bai jefa ko ɗaya a wasannin ƙarshe ba. Yamamoto ma ya yi kusan wata uku yana jinyar kafaɗa, Ohtani kuma an san ba zai yi jifa ba duk shekarar saboda tiyatar da aka yi masa a Satumban 2023. Sai da suka koma kasuwa a ƙarshen Yuli suka ɗauko Jack Flaherty.

Kawu Na Bakin Kasuwa:

Gaskiyarki 'yata, ban musa ba. Abin da zan ce kawai, sun san da haɗarin suka saya. Kulob mai kuɗi kan gwammace mai jifa gwani na wata huɗu a kan matsakaici na wata shida, ya cike giɓin da yawan mutane. A shekarar sun ci kofin, sun doke Yankees 4 da 1, amma a wasa na huɗu ba su da mai fara jifa, masu karɓar jifa a tsakiyar wasa ne suka yi ta miƙa wa juna, kuma shi ne wasan da suka faɗi. Ƙaramin kulob ya yi irin wannan cacar, kakarsa ta tafi.

Malamin Lissafi:

Tunda an ambaci Yamamoto, a ƙara wannan. Zuwan ɗan wasa daga Japan wuri ne da ake biyan kulob kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa. Idan kulob na Japan ya saki ɗan wasansa, ana ba shi kwana 45 ya daidaita da wani a Amurka. Kason kulob ɗin kashi 20 ne na miliyan 25 na farko, kashi 17.5 na miliyan 25 na biyu, kashi 15 na abin da ya haura. A kwantiragin shekara 12, miliyan 325, lissafin ya ba da miliyan 5, da 4.375, da 41.25, jimla miliyan 50.625 ga Orix Buffaloes, kulob ɗin Yamamoto na Japan. Wannan kason ba ya shiga lissafin haraji. Amma wanda bai kai shekara 25 ba, ko bai yi kaka shida a ƙasarsa ba, ba ya samun irin wannan kwantiragin. Shi ya sa Roki Sasaki ya zo Dodgers a Janairun 2025 da miliyan 6.5 kacal na sa hannu.

Baban Khalifa:

Madalla da wannan bayani. Saura kalanda, don kowace irin musaya da lokacinta. A tsakiyar Nuwamba akwai ranar da dole kulob ya sa matasansa da suka daɗe a ƙaramin lig cikin jerin 40, wato masu kaka biyar in an ɗauke su suna 18 ko ƙasa, masu huɗu in sun kai 19. Wanda aka bari a waje, wani kulob na iya ɗauke shi a taron shugabannin kulob-kulob na Disamba da dala 100,000, da sharaɗin ya riƙe shi a babban lig duk kakar, in ya kasa ya mayar a kan 50,000. Ƙananan musayar da kuke gani a ranakun nan duk neman kujera ne. Bayan 'yan kwanaki sai ranar da kulob ke sakin wanda albashin sulhunsa ya fi amfaninsa, kamar yadda Brewers suka saki Brandon Woodruff bayan tiyatar kafaɗa, suka sake ɗaukarsa a Fabrairu da sabon tsari.

Akwai kuma tayin shekara ɗaya da kulob ke yi wa babban ɗan wasansa mai shirin tafiya, wanda a hunturun nan miliyan 20.325 ne. Mutum bakwai aka yi wa, duk suka ƙi. Wanda ya ɗauki mai ƙin tayin yana asarar zaɓi a zaɓen sababbin 'yan wasa: Dodgers, da yake masu biyan haraji ne, sun rasa zaɓinsu na biyu da na biyar, da dala miliyan 1 daga kuɗin ɗaukar matasan ƙasashen waje, saboda Ohtani. A kan Ohtani ba wanda zai tsaya lissafin wannan. Amma Cody Bellinger sai ƙarshen Fabrairu ya sa hannu, Matt Chapman da Blake Snell kuma sai Maris, dukkansu a kan gajeren kwantiragi mai ƙofar fita, bayan an shafe wata uku ana haɗa sunayensu da kulob iri-iri.