Neman kalma: me za mu kira polyp da colonoscopy kafin ranar Alhamis?

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da ƙarfe 8 na dare shirinmu na rediyo zai taɓo sankarar babban hanji, kuma likitan da na yi hira da shi rabin maganarsa da Turanci ya yi ta. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: polyp, ɗan naman da ke fitowa a cikin hanji, da colonoscopy, duba cikin hanji da bututu mai kyamara. Abin da nake so mai sauraro ya riƙe shi ne, in an duba hanjinsa an cire wannan abin, akwai ranar komawa. Mahaifina an cire masa guda uku, likita ya ce masa "tsiro ne Baba, mun cire". Muna isa gida ya ce ashe basir ne, ya aika a sayo masa jiƙo. Takardar da aka rubuta masa lokacin komawa a aljihun babbar rigarsa na tsince ta, an riga an wanke ta tare da rigar. Shi ya sa nake tsoron kalmar tsiro.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙari fa? Tunda ana cewa ƙarin mahaifa. Nan wajenmu likitoci koloskofi suke cewa, daga Faransanci.

Nas Ɗin Tiyata: Ƙari a kunnen mutane abu ne babba wanda sai an buɗe ciki. Kana faɗa wa majinyaci ƙari, dangi sun fara salati. Wannan kuwa sau da yawa bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Kuma "ƙarin hanji" wani zai ji kamar hanji aka ƙara masa.

Likitan Ciki: Hajiya, bari in kwatanta abin, wataƙila sunan ya fito. Ɗan nama ne da ke fitowa a bangon babban hanji ta ciki. Wani yana da wuya da kai kamar laimar kwaɗi, wani a kwance yake manne da bango. Muna shigar da bututu mai lanƙwasa ta dubura, da fitila da kyamara a bakinsa, in mun gan shi mu zarge shi da siririyar waya mu yanke, a aika ɗakin gwaji. Irin da ake kira adenoma shi ne wanda kan iya rikiɗewa ya zama sankara, a hankali, galibi cikin kimanin shekara 10.

Lokacin komawa kuma ya danganta da yawansu, girmansu da irinsu. A ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin ciki na Amurka ta 2020: wanda ba a ga komai ba, shekara 10. Adenoma 1 ko 2 da ba su kai milimita 10 ba, shekara 7 zuwa 10. Guda 3 ko 4 ƙanana, shekara 3 zuwa 5. Guda 5 zuwa 10, ko ɗaya da ya kai milimita 10, ko wanda gwaji ya nuna ƙwayoyinsa sun canja sosai, shekara 3. Fiye da 10, shekara 1. Babba mai milimita 20 ko fiye da aka cire gutsure-gutsure, wata 6. Ta Turai, ita ma ta 2020, ta fi sassauci: ƙanana 1 zuwa 4 marasa alamar haɗari, mutum ya koma sahun binciken kowa da kowa. In kuma hanjin bai wanku da kyau ba ranar dubawa, ana maimaitawa cikin shekara guda.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe Dakta, ai ka ba mu sunan da bakinka. Abin da ke fitowa ƙarami, ya girma a hankali, in an bar shi ya zama wani abu, toho kenan. Tohon hanji. Ba ya kama da basir, ba ya firgita kowa. Ɗayar kalmar kuma madubin hanji. Don Allah a raba mu da kyamara da kolonoskofi, Hausa ba ta talauce ba.

Nas Ɗin Tiyata: Malam, toho ai abin farin ciki ne. Bishiya ta yi toho, damina ta yi kyau. Ka ce wa tsoho yana da toho a hanji, me zai dawo da shi asibiti? Madubi kuma an riga an ba wa madubin likita na ɗakin gwaji.

Malamin Hausa: Ƙaya ma toho take farawa da shi, 'yata. Kalma sabuwa sai an sa mata hannu kafin ta zauna. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk sanda ɗan Hausa ya ƙirƙiro kalma, 'yan'uwansa ne ke fara tsinke ta, amma in Bature ya kawo tasa sai a karɓa hannu bibbiyu.

Ɗan Kasala: Malam, da girmamawa, asibiti da likita daga Turanci suka zo, allura daga Larabci. Mu nan Sudan minzar muke cewa na'urar, kowa ya gane, kuma Hausarmu ba ta ragu ba.

Malamin Hausa: Waɗancan kakanninmu ne suka tauna su har suka yi laushi. Kolonoskofi wa zai iya taunawa? Ku je ƙauye ku gwada.

Ɗan Damagaram: Nan na yarda da Malam. Amma in za a zauna kan kalma, a riƙa tunawa rediyon yana tsallake iyaka. Ba duk abin da Kano ta yanke ne ya zama Hausar kowa ba. Mu ma da ita aka haife mu.

Malamin Hausa: Wa ya ambaci Kano? Ni Bakatsine ne. Daidaitacciyar Hausa kuwa ta kowa ce, ba a yi ta don a ƙasƙantar da wani ba.

Mai Shirin Lafiya: Iyayena, ku yi mini afuwa, saura kwana biyu. Dakta, kai da ke zama da majinyata, me kake ce musu?

Likitan Ciki: Tsiro nake cewa, don shi bakina ya saba da shi, kuma labarin Baba ya nuna mini ina barin giɓi. Basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura a bakin dubura, wannan kuwa can ciki yake, yawanci ba ya ciwo, ba ya nuna alama. Ki haɗa su a numfashi ɗaya: tsiron cikin babban hanji, wanda ba basir ba. Aikin kuma ki ce leƙen hanji, don in kin ce hoton hanji za su ɗauka sikanin ne. Amma ki faɗi kolonoskofi ko sau ɗaya, saboda shi za su gani a rubuce a takardarsu. Baba kuma a koma asibitin a nemo sakamakon gwajinsa, da shi ne za a san ko shekara 3 ce ko 5.

Mai Shirin Lafiya: Na gode ƙwarai. Na ɗauki leƙen hanji, na ɗauki tsiron cikin babban hanji tare da bayanin basir. Malam, tohonka zan sa shi a kwatance: yana farawa kamar toho, shi ya sa ake cire shi tun yana ƙarami. Gobe da safe zan je neman takardar Baba.

Malamin Hausa: Leƙen hanji Hausa ce, ba ni da ja. Tsiro dai ban gamsu ba, kalmar da sai an bi ta da "ba kaza ba" ba ta gama aikinta ba. A ajina toho zan koyar. Allah ya ba Baba lafiya.

Nas Ɗin Tiyata: Amin. Hajiya, saura ɗaya: duban farko na mai lafiya, wanda Amurka ta sauko da shekarun fara shi zuwa 45 a 2021, daban yake da komawar wanda aka riga aka cire wa. Na biyun ni bibiya nake ce masa. Na farkon fa?

Ɗan Damagaram: Tantancewa?

Malamin Hausa: Tantancewa ta 'yan takara ce da maniyyata. A ba ni zuwa gobe.