Zan je Tailan: wuraren ibadarsu, gidajen kofi da maganar abincin halal, wa ya san kan garin?

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar wanda ya taɓa zuwa Tailan. Maigidana zai je Bangkok kan harkar kasuwancinsa in sha Allah kuma wannan karon tare za mu tafi, to kun san shi yini yake yi wurin kaya da 'yan kamfani, ni kuma bana so in ƙare tafiyar a ɗakin otal. Ina ganin hotunan wuraren ibadar 'yan Buddha ɗin nan masu rufi kamar zinare, ina so in gani da idona amma ban san ƙa'idar shiga ba, ban sani ba ko hijabina zai zama matsala. Sai maganar abinci wadda ita ta fi damuna, don an ce alade yana cikin kusan komai har man da suke suya da shi. Sannan an ce Chiang Mai da ke arewacin ƙasar ta fi Bangkok sanyi da natsuwa kuma cike take da gidajen kofi, ta cancanci mu ƙara kwanaki mu je ko asarar kuɗi ce?

Maman Afnan:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Hijabinki ba matsala ba ne ko kaɗan, hasali ma shi zai sauƙaƙa miki, don abin da suke hanawa shi ne buɗe kafaɗa da gwiwa, za ki ga Turawa a bakin ƙofa suna ta neman zanin aro ke kuwa wucewa kawai za ki yi. Takalmi ne dole a cire kafin a shiga ɗakin ibada, don haka ki sa mai saukin cirewa kuma ki riƙe safa a jaka saboda da rana tayil ɗin tsakar gidan yana ƙona ƙafa sosai. In kin zauna kar ki miƙe ƙafa ta kalli gunkin ko wani mutum, a wurinsu ƙafa abin ƙasƙanci ce, ki naɗe ta baya. Kar ki taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi. Kuma limamansu masu yafa mayafin ruwan lemo ba sa taɓa mace, ba sa karɓar abu hannu da hannu daga mace, to ko a jirgi ne ko a hanya ki ba su wuri.

Shawarata ki fara da Wat Pho (wat shi ne sunan wurin ibada a yarensu) da sassafe tun kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su fara juye mutane. Nan ne gunkin Buddha na kwance yake, tsawonsa mita 46, an yi shi a 1832 zamanin Sarki Rama na 3, ɗakin ma da ƙyar ya ɗauke shi har ba ki iya ganinsa gaba ɗaya lokaci guda sai ki bi shi daga kai zuwa tafin ƙafa. A bayansa akwai kwanonin tagulla 108 da suke jefa tsaba ciki, ƙarar tana cika ɗakin. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai ba gunkin ba ne, zane-zanen jikin mutum ne da ke bango masu nuna jijiyoyi da wuraren tausa, don gidan makaranta ne tun da daɗewa, har yau ana koyar da tausar gargajiya a nan. Mutane da yawa hoto suke ɗauka da gunkin su fice a guje, ba sa zagayawa baya inda shiru yake.

Daga nan ki taka zuwa mashigar Tha Tien, kwalekwale zai haye da ke kogin Chao Phraya da 'yan baht kaɗan, wato kuɗin ƙasar, zuwa Wat Arun. Daga nesa za ki ɗauka fenti ne a jikin hasumiyar, sai kin matso ki ga ashe fasassun tangaran ne na China aka jera ɗaya bayan ɗaya aka fitar da furanni, wallahi aikin hannu ne da sai kin tsaya kin duba a hankali. Fadar sarki kuma wato Grand Palace, wadda aka fara ginawa a 1782, baƙi na biyan baht 500 kuma suna daina sayar da tikiti da ƙarfe 3:30 na yamma, cunkoson ta ya fi na ko'ina. Kuma dan Allah duk wanda ya tare ki a hanya da fara'a ya ce yau fada a rufe take, zo in kai ki wani wuri a keke napep ɗinsu da suke kira tuk-tuk, kar ki saurare shi, shagon duwatsun ado ko na ɗinki zai kai ki don a ba shi la'ada. Ki je ƙofa ki gani da kanki.

Abu Sadiq:

Hajiya maganar abinci tsoronki yana kan hanya amma abin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Dabarar guda ɗaya ce, ki nemi masallaci, duk inda masallaci yake a Bangkok akwai unguwar Musulmi a gefensa kuma akwai masu abinci. Musulmi sun kai kusan kashi 5 cikin 100 na ƙasar kuma ba baƙi ba ne, masallacin Tonson da ke kusa da Wat Arun ɗin da Maman Afnan ta faɗa tun zamanin daular Ayutthaya yake, kafin a kafa Bangkok ma, to kin ga kina gama zagaye sai ki taka can ki yi azahar. Akwai masallacin Haroon a Bang Rak, akwai Darul Aman a titin Phetchaburi layi na 7 wanda bai da nisa da kasuwar Pratunam inda na tabbata Alhaji zai riƙa zuwa, layin nan duk abincin halal ne. Unguwar Nana kuma ta Larabawa ce, sai dai ni ina ganin in mutum ya zo har Tailan ya ƙare a kan shawarma da kabsa ya yi wa kansa asara, abincin Musulman ƙasar daban ne.

Ki nemi khao mok gai, shinkafa ce rawaya da kaza irin biryani da wani koren yaji mai ɗan zaƙi da tsami a gefe. Ki ci massaman, miya ce ta madarar kwakwa da dankali da gyaɗa da kirfa, asalinta ma daga Musulmi take. Roti da ayaba da madara mai kauri, yawancin masu soya shi a titi Musulmi ne. Shinkafa mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa ba nama a ciki. Alamar halal tasu wani tambari ne mai kusurwa huɗu da rubutun Larabci a tsakiya wanda majalisar Musulunci ta ƙasar ke bayarwa, za ki gan shi a jikin kaya har a shagunan 7-Eleven, masu tebur a titi kuma wata da tauraro suke liƙawa.

Inda ake faɗawa shi ne miyar taliya. Za ki ce a sa miki kaza ko kifi ki ɗauka kin tsira, alhali romon da ƙashin alade aka dafa shi tun asuba. Kalmar alade a yarensu "muu", in kin ce "mai sai muu" kin ce kar a sa alade, amma wannan tsoka kawai zai hana, ba zai canza romo ko kaskon da aka gama suya a ciki ba, shi ya sa na ce ki bi masallaci kawai hankalinki ya kwanta. In kin rasa, ki duba masu rawayar tuta da jan rubutu, abincin "jay" ke nan, ba nama ba kifi ba ƙwai. Yaji kuma ki ce "mai phet" tun farko don barkononsu ƙanana ne amma ba sa wasa.

Ummu Hanan:

Kai ma sha Allah, na gode Maman Afnan, na gode Malam Abu Sadiq, Allah ya saka da alheri, maganar romon nan ko kusa ban kawo ta a raina ba. To saura Chiang Mai, akwai wanda ya je?

Yaya Bilki:

Ƙanwata ki je, in dai akwai hali ki je. Jirgin sama awa ɗaya da 'yan mintuna ne, jirgin ƙasa na dare mai gado kuma wajen awa 13 daga tashar Krung Thep Aphiwat. Sai dai ki duba watan tafiyarku, daga Nuwamba zuwa Janairu iska mai daɗi ce, amma daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu manoma na ƙona gonaki hayaƙi ya rufe garin har dutsen da ke gefensa ba a gani, in akwai mai asma a cikinku kar ku kuskura a lokacin.

Garin tsoho ne, Sarki Mangrai ya kafa shi a 1296, tsohon birnin murabba'i ne da ruwa kewaye da ragowar ganuwa, da ƙafa ake zaga shi kuma kusan kowane layi akwai wat. Wat Chedi Luang ne na fi so, ƙatuwar hasumiyar bulo ce da girgizar ƙasa ta 1545 ta cinye samanta aka bar ta a haka, ba ƙyalli ba zinare, kuma a harabar akwai inda matasan limamansu ke zama suna hira da baƙi don koyon Turanci, za ki iya tambayarsu yadda rayuwarsu take, su kan ce miki ba sa cin abinci bayan rana ta take har sai washegari. Wurin ibadar Doi Suthep kuma a kan dutse yake wajen kilomita 15 daga gari, jajayen a-kori-kura da suke kira songthaew ke kai mutane, matakala 306 ne amma akwai lifta ga wanda gwiwa ke damu.

Kofi kuma ba yayi ne kawai ba, a duwatsun yankin ake noma shi. Da can ƙabilun kan dutse furen da ake yin hodar opiyom da shi suke nomawa, sai marigayi Sarki Bhumibol ya fito da shiri a 1969 na maye gurbinsa da kofi da shayi da kayan marmari, za ki kuma ga sunayen duwatsu irin Doi Chang da Doi Tung a jikin ledar kofi. Unguwar Nimman ce matattarar gidajen kofi, wasu mai shagon da kansa yake gasa ƙwayar a gabanki ya faɗa miki ƙauyen da ta fito. Ki ce "waan noi" wato zaƙi kaɗan, in ba haka ba madara da sukarin da za a zuba miki a shayin ƙanƙara ɗin nan cha yen sai ya gundure ki. Abinci kuma ki je layin masallacin Ban Haw kusa da kasuwar dare, Musulmi ne 'yan asalin Yunnan ta China da kakanninsu suka zo fatauci da alfadarai, a nan za ki ci khao soi na halal, taliya ce cikin miyar kwakwa da soyayyar taliya a sama da lemon tsami. Ranar Juma'a da safe akwai 'yar kasuwarsu a gaban masallacin. Tsiren hanjin nan mai ƙamshi da suke kira sai ua da ake tallarsa ko'ina a arewa na alade ne, sai in a layin Musulmi kika ga na kaza ko na sa.

Baban Khalil:

Ni zan ɗan bambanta da Yaya Bilki kan Nimman, da yawan shagunan can don hoto aka ƙawata su, kofi ɗaya kuɗin abincin rana ne, ƙananan da ke cikin tsohon birni sun fi min. Amma ba shi ya kawo ni ba. Hajiya maganar shiga wurin ibadar wasu, malamai sun yi bayani a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba, to ku tambayi malamin da kuka yarda da shi tun kafin ku tashi don zuciyarki ta natsu. In kin shiga kallo ne ya kai ki, ba sai kin rusuna ba, ba sai kin kunna turare ko kin ajiye fure ko kin jefa tsabar nan ba, kuma ba wanda zai tilasta miki, ni ban taɓa ganin sun ɓata rai kan haka ba, abin da ke ɓata musu rai shi ne hayaniya da dariya da juya wa gunki baya ana hoton wasa alhali ga mutum a gefe yana ibadarsa. Sai abu na biyu mai muhimmanci, kar ku yi maganar sarkinsu ko iyalansa da wasa ko suka, ko a hira ko a Facebook, akwai doka sashe na 112 da ke ɗaure mutum shekara 3 zuwa 15 kuma ba ruwanta da cewa kai baƙo ne. Ko kuɗi ya faɗi kar a taka shi da ƙafa don hoton sarki na jiki.

Yaya Bilki:

Gaskiyarka Baban Khalil akwai na hoto da yawa, amma akwai na gaske a lungunan, in ta ga injin gashi da buhunan kofi a cikin shago ta shiga.

Ummu Hanan:

Na kwafe duka na tura wa Alhaji, ya ce in Allah ya yarda a Disamba ne tafiyar to kun ga mun kauce wa hayaƙin. Yaya Bilki otal fa, gara mu kama kusa da masallacin Ban Haw ɗin ko cikin tsohon birni?

Yaya Bilki:

Ku kama kusa da masallacin, abinci da sallah duk a ƙofa, tsohon birnin kuma tafiyar minti 15 zuwa 20 ce zuwa ƙofar Tha Phae, ko ku kira mota ta manhajar Grab. Disamba lokacin cikar baƙi ne ku yi bukin tun yanzu, kuma ki tafi da rigar sanyi don hawa Doi Suthep da asuba.