Abin da aka tsayar kan kuɗin gidaje da ruwan sha a ƙauyukanmu

Jama'a, tattaunawar da aka yi kan samun kuɗin gina gidaje da ruwan sha a ƙauyukanmu na Jigawa ta yi tsawo, ga abin da na tsinto daga cikinta.

1. Kusan kowa ya yarda ruwan sha ne kan gaba. Sharaɗin da aka yi ta maimaitawa shi ne a ware kuɗin gyara tun ranar haƙa rijiyar burtsatse, domin famfon sola da yawa sun tsaya saboda ƙaramin gyara.

2. Asusun ba da bashin gidaje na gwamnatin tarayya, wato NHF, wanda aka kafa a 1992, kashi 2.5 cikin 100 na albashi ake cirewa. To manomin Ringim ko Gumel wane albashi gare shi? Ga matsalar takardar mallaka: gidajenmu na gado ne, shaidar dagaci kawai muke da ita, banki kuwa ba ya karɓarta.

3. Nan aka rabu. Wasu na ganin kuɗin ruwa na kashi 6 cikin 100 da ke kan bashin asusun sauƙi ne. Mafi yawa suka ce riba riba ce, sai dai murabaha irin ta bankin Musulunci na Jaiz, wato banki ya saya ya sayar maka da ƙarin da aka amince. Ni dai ban ga an shawo kan kowa ba.

4. An ba da shawarar biyan bashi ya zama da kaka, bayan an sayar da riɗi ko shinkafa.

5. Mutanen Haɗeja da Auyo, da suka ga ambaliyar 2022, sun dage sai harsashin bulo da siminti, sama a ɗora tubali. Wasu suka ce tsada.

An kuma ambaci adashe da gayya, amma ba a zurfafa ba.