Wai GBWhatsApp ya fi na asali daɗin aiki ga mai riƙe da zaure?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Jiya Nura ya jefo magana aka watse ba a ƙarasa ba. Ya ce duk mai riƙe da zauren da ya kai mutum ɗari biyar, GBWhatsApp da 'yan uwansa irin su FM da Yo, wato kwafin WhatsApp da wasu na waje suka yi wa gyare-gyare, sun fi WhatsApp na kamfani sauƙin aiki, nesa ba kusa ba. Tunda a Farm Centre da Beirut Road da wuya a wuni ba a zo neman a sa wa waya GB ba, gara mu tsefe ta. Nura, bismillah. Ban da zagi.

Nura: Wa alaikumus salam, Malam. Na asali ba ya barinka ka tura saƙo wuri fiye da 5 a lokaci guda, in kuma saƙon ya sha yawo, wuri ɗaya tak. Mai kaya da ke da zaure goma sha biyu sai ya yi sawu uku. GB ya cire wannan takunkumin. Kana iya tsara saƙo ya tafi da kansa bayan asuba kana barci. Kana sauke status da maɓalli ɗaya. Kana yi wa lamba magana ba ka ajiye ta ba. Zauruka suna shafinsu daban, ba su cakuɗe da hirar iyali ba. Kana ɓoye cewa kana kan layi, kana sa lamba biyu a waya ɗaya, kana ganin abin da aka goge. Wane ne zai bar wannan ya koma wancan?

Injiniya Bilkisu: Malam Nura, rabin lissafinka tsohon yayi ne. Ɓoye kana kan layi ya shigo na asali tun 2022. Kulle hira da yatsa da gyara saƙo cikin minti 15 sun zo a 2023, haka lamba biyu a manhaja ɗaya. Tace zauruka daban da saƙonnin da ba a karanta ba ya zo a 2024, yana nan saman jerin hira. Lambar da ba ka ajiye ba kuwa, rubuta wa.me/234 a burauza ka biyo da lambar ba tare da sifilin farko ba, hirar za ta buɗe. Status ɗin da ka riga ka kalla yana cikin wayarka, a Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/.Statuses, sai dai ka ce wa manhajar fayil ta nuna ɓoyayyu. Abin da ya rage maka uku ne: tsara saƙo, tura wa wuri da yawa, da ganin abin da aka goge.

Nura: To ai ukun nan su ne aikin, Injiniya. Sauran kwalliya ne.

Alhaji Ɗanlami: Ni a wurin sayar da waya nake kallon abin. Daɗin manhaja ba ranar da aka sa ta ake gane shi ba, sai ranar sauya waya. Na asali yana kai ajiyar hira Google Drive. A sabuwar waya ka sa lamba, ka sa imel ɗin, hira ta dawo. GB ba ya shiga wannan ajiyar, don a wurin Android wata manhaja ce daban, sunanta com.gbwhatsapp, sa hannun da ke kanta ma ba na kamfanin ba ne. Ajiyarsa tana cikin wayar kaɗai. Allo ya mutu, ko an sace ta a Kantin Kwari, ko an yi mata filashin, shi ke nan hirar shekara uku da lissafin bashin kwastomomi sun bi ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nura: Alhaji, wannan sakacin mai waya ne. Ya kwafe jakar zuwa memori duk Juma'a.

Alhaji Ɗanlami: Ƙanina, mutum nawa ka sani da ke yin haka? Muna maganar sauƙin aiki ne. Abin da sai ka tuna da shi duk mako ba sauƙi ba ne.

Injiniya Bilkisu: Bari in tsaya kan ganin saƙon da aka goge, don shi ne ya fi jan mutane, kuma shi ne ya fi cutar da mai zaure. In ka goge saƙo ga kowa, ba hannu kake sawa cikin wayar mutane ba. Wani ɗan umarni ne ke tafiya yana cewa a cire saƙo kaza. Na asali ya karɓa ya cire. GB ya karɓa ya yi kunnen uwar shegu. Yanzu a ɗauka wani ya yi kuskure ya jefo hoton takardar banki ko hoton iyalinsa a zauren mutum 800. Tun 2022 admin yana da ikon goge saƙon kowa, ya goge cikin minti ɗaya. A wayar masu GB hoton yana nan daram, har da 'yar alamar da ke nuna musu an so a ɓoye shi. Haka hoton kallo sau ɗaya. Wato abin da Nura ke kira daɗi ga admin, shi ne ke kwance wa admin zani a kasuwa.

Malam Habibu: Wannan ta shiga. Nura?

Nura: Ta shiga, amma tana da baki biyu. Mai damfara ya turo lambar asusu, aka tura kuɗi, ya goge. Mai GB ne kaɗai ke da shaida.

Injiniya Bilkisu: Gaskiya ne. Sai dai shaidar da ke aiki ita ce rasidin banki, kuma hoton allo kafin a tura kuɗi ya wadatar.

Alhaji Ɗanlami: Ba a ma taɓo kulle layi ba. Kamfanin ya rubuta ƙarara cewa GB da WhatsApp Plus sun saɓa ƙa'idarsa. Tun 2015 ya fara dakatar da masu Plus na awa 24. Farko dakatarwa ce ta wucin gadi, agogo na ƙirgawa a allo. In aka ci gaba, ana iya rufe lambar gaba ɗaya. Kuma tura saƙo ɗaya wuri hamsin a minti guda, wanda Nura ke yabo, shi ne ainihin halin da ake kama masu watsa tarkacen saƙo da shi. Admin ɗaya tilo, an rufe lambarsa, zaure ya zama gidan da ba maigida: ba mai sa mutum, ba mai cirewa, ba mai sauya link.

Nura: Sababbin GB ba sa shiga da lamba kai tsaye. Ka bar na asali a waya, ka haɗa GB a matsayin na'ura ta biyu.

Injiniya Bilkisu: Ka ga ka dawo gida da kanka. Manhaja biyu ke nan a waya mai RAM giga 2 ko 3, irin itel da ƙananan Tecno da aka fi saya, kowacce tana sauke nata hotuna da bidiyo, ma'ajiyar giga 32 ta cika. In babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, duk na'urorin da aka haɗa sai su fita. Kuma ba ya sabunta kansa ta Play Store. Ranar da ya ce ya tsufa, sai ka bazama intanet neman sabon APK, wato fayil ɗin da ake sa manhajar da shi.

Sadiq: A nan ne haɗarin yake. A 2021 kamfanin tsaron na'ura Kaspersky ya gano ƙwayar cutar waya mai suna Triada cikin FMWhatsApp 16.80.0, a 2022 kuma cikin YoWhatsApp. Aikinta karanta saƙon tes, sauko da wasu ƙwayoyin, da yi wa mai waya rajistar abin biya bai sani ba. Mai waya ya ga kati na zurarewa ya ɗora wa kamfanin layi laifi. A 2022 ɗin Meta, mai WhatsApp, ta kai masu HeyMods, masu ƙera irin waɗannan kwafin, kotu kan zargin sace asusu sama da miliyan ɗaya.

Nura: Sai a sauke daga asalin shafin.

Sadiq: Wanne ne asalin, Yaya Nura? Rubuta sunan a Google ka ga shafi nawa ke rantsuwa su ne. Ni ina ganin an haɗa abu biyu ne. Manhajar waje ba duka ce ta sata ba. Telegram ya buɗe ƙofarsa da kansa, ya saki lambobin manhajarsa, ya ba masu gini izini. Shi ya sa Plus Messenger da Nicegram, manhajojin waje na Telegram, suke Play Store ba a ɓoye ba. Plus Messenger yana raba maka shafuka, zauruka nan, tashoshi nan, mutane nan. Hirarka tana wurin Telegram, in ka cire wannan ka sa wancan ba abin da ya ɓata. Zaure yana ɗaukar mutum 200,000, na WhatsApp 1,024. Kana raba zaure ɗaya gida-gida bisa maudu'i, kana sa a jira minti ɗaya ko biyar tsakanin saƙo da saƙo in gardama ta yi zafi. Tsara saƙon da kake nema ma yana cikin na asalinsa: danne maɓallin turawa, zaɓi lokaci.

Nura: Duk na ji. Kwastoman Kurmi da Singa ba ya Telegram. In yana da shi, don sauke fim ne.

Malam Habibu: Nan kam Nura ya yi gaskiya.

Injiniya Bilkisu: Kuma kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Zaurukan Telegram ba su da rufin nan na daga waya zuwa waya da WhatsApp ke da shi, wanda ke hana kowa karanta saƙo sai masu hirar. Hirar sirri ta mutum biyu ce kawai ke da shi. A 2023 an kama wasu kwafin Telegram masu leƙen asiri a cikin Play Store ɗin kansa. Izinin ma aro ne: a Janairun 2023 Twitter ta toshe ƙofa, manhajojin waje irin su Tweetbot da Twitterrific suka mutu bayan shekaru suna aiki.

Alhaji Ɗanlami: Ga mai lamba biyu, ko kafin 2023 ba a buƙatar GB. Tecno na da App Twin, Infinix na da XClone, Samsung na da Dual Messenger. Ɗan kasuwa kuma ya sa WhatsApp Business: saƙon maraba, saƙon ba na nan, amsoshin da aka tanada, duk kyauta.

Malam Habibu: To wanda ya zo shago yana son ya koma na asali ba tare da ya rasa hira ba, yaya za a yi masa?

Injiniya Bilkisu: Kafin a taɓa komai, ya ƙara admin na biyu a duk zauren da yake riƙe da shi. Sannan hirarrakin da ke da lissafin kuɗi a fitar da su ɗaya-ɗaya zuwa imel. In ba a haɗa da hotuna ba yana ɗaukar saƙo har 40,000, in an haɗa kuwa 10,000. Sai a yi ajiya a cikin GB, a kwafe jakarsa gaba ɗaya zuwa kwamfuta. In akwai agogon dakatarwa a jira ya ƙare. A sauya wa jakar suna daga GBWhatsApp zuwa WhatsApp, a Android 11 zuwa sama a ajiye ta cikin Android/media/com.whatsapp, a cire GB, a sauke na asali, a sa lamba. Wani lokaci ya ga ajiyar ya dawo da ita, wani lokaci ya ƙi, don haka a faɗa wa mai waya tun kafin a fara. Daga nan a sa masa lambar sirri mai lamba 6 ta mataki biyu, a duba na'urorin da ke haɗe a cire wadda bai sani ba.

Nura: Zan yarda da ku kan layin kasuwa da na admin. Layi na biyu wanda ba banki a kansa, ina nan kan bakana har ranar da na asali ya kawo tsara saƙo.

Sadiq: Layin ba banki, amma wayar fa? Izinin karanta tes na wayar ne gaba ɗaya, ba na sim ɗaya ba. In sim ɗin bankin na rami na biyu, lambar OTP ɗinsa a akwati ɗaya take sauka.

Nura: To a waya daban.

Alhaji Ɗanlami: Madalla. Akwai itel a shago, zo da kuɗinka bayan la'asar.