Wai me za mu kira EV, wato motar da ke tafiya da lantarki maimakon fetur, da Hausa ne?

Jama'a a taimaka a raɗa wa motar nan suna. Duk labarin da za a karanta kan kuɗin da gwamnatin Amurka ta zuba wa kamfanonin mota don su rabu da fetur sai ka ji "motoci masu amfani da wutar lantarki", kafin ka kai ƙarshe numfashi ya ƙare, kuma ba direban da zai faɗi haka a tasha.

Wasu sun ce motar batir. To ai tsohuwar Golf mai jigilar Kano zuwa Wudil ma da batir take tashi. Motar wuta kuwa yaro zai ɗauka ta 'yan kwana-kwana ce.

Motar lantarki ba laifi, amma ni motar caji na zaɓa. Dokar da Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta ba mai sayen sabuwa rangwamen haraji har dala 7,500, da sharaɗin sai wadda ake jona wa waya a soket kuma a nahiyar Amurka ta Arewa aka haɗa ta. Toyota Prius ta da ɗin nan tana shan mai, tana kuma da injin lantarki, tana cika batirinta da kanta in an taka birki, amma ko sisi ba ta samu ba a dokar nan saboda ba a jona ta. Kun ga caji ne ya raba gardamar. Rangwamen ma dai Trump ya soke shi, ya ƙare a ƙarshen Satumban 2025.

Irin su Prius a ce musu ruwa biyu kawai, wadda take shan mai kuma ana jona ta a ce ruwa biyu mai caji.

Wani malami ya ce caji aro ne daga Turanci. Allah gafarta Malam, lantarkin ma aro ne, motar ma aro ce. Wata Hajiya kuma ta ce kar a ɗauka motar caji ofis ce, Hajiya wannan baƙar motar ai ba a mance sunanta 😂

Sai kuma 'yan jarida don Allah ku bar kiran komai tallafi. Dala miliyan 465 da Tesla ta karɓa a 2010 rance ne kuma ta biya a 2013, haka sama da biliyan 9 da aka amince wa Ford da SK na Koriya ta Kudu don gina masana'antun batir a Kentucky da Tennessee shi ma bashi ne. Mu nan da an ce tallafi hankalinmu ya tafi kan na mai da aka cire a 2023, wanda shi ba bashi ba ne da ake biya.

Saura wurin da ake jona motar. Na so gidan caji kamar gidan mai, amma masu shagon cajin waya sun riga mu, wa ke da wanda ya fi?