Kafin ka kafa injin iska a gida

Waɗanda suka kafa ƙaramin injin iska don samun lantarki, bakinsu ya zo ɗaya: ka auna iskar wurinka tukuna, wata da watanni, kafin ka fitar da kuɗi. Idan matsakaicin gudunta bai kai mita 5 a daƙiƙa ba, wutar ba za ta taka kara ta karya ba. In gudun iska ya ninka, ƙarfinta yakan ninka sau 8, shi ya sa 'yar raguwa ma babban giɓi ce.

Kan rufi kuwa sun ce a'a, kuma na yarda da su: iskar can a hargitse take, jijjigar kuma har cikin ɗaki. A ɗaga turken da injin zai hau ya zarce bishiyoyin da ke kewaye da shi da mita 9. Wasu sun ce a haɗa da sola, su riƙa cika batir tare.