Wa ya taɓa zuwa Maisuru lokacin bikin Dasara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Maigida zai gama ganin likita a Bangalo ta ƙasar Indiya, muna son kai yara Maisuru su ga fadar sarki kafin mu dawo gida. To an ce mana tafiyar za ta faɗo cikin bikin Dasara na mabiya addinin Hindu. Mu je, ko mu bari sai an watse?

Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku je, amma ban da ranar ƙarshe. Kwana 10 ake yi, a rana ta goma giwaye ke jerin gwano daga fada zuwa filin Bannimantap, wajen kilomita 5. Ranar ba masaka tsinke, ga rana, ga ku da mai jinya.

Alhaji Bala: Haba Sadiq! Wa zai je Kano da sallah ya ce ban da Hawan Daushe? Hajiya ku nemi tikitin zama a harabar fada tun da wuri. Giwa ɗauke da rumfar da aka lulluɓe da zinariya, nauyinta kilo 750, ai ba abin da ake ba yaro labari ba ne.

Maman Ilham: Ikon Allah. Sarkin ne a cikin rumfar, Alhaji?

Malama Zainab: Da can shi ne, Hajiya. Amma tun wajejen 1971, da gwamnatin Indiya ta soke matsayin sarakuna, gunkin Chamundeshwari ake sakawa, abar bautar da Hindu suka yi imani ta kashe wani aljani mai suna Mahishasura. Nasarar tata ake wa biki. Gidan sarautar Wadiyar dai bai daina nasa ba: har yau Yaduveer, magajin gidan, yana zaman fadanci a kan karagar zinariya cikin kwanakin. Gunduwa-gunduwa ake ajiye karagar, sai bikin ya matso a fito da ita a harhaɗa, shi ya sa nake goyon bayan ku je yanzu. Sai dai ku duba jadawali, akwai ranakun da ake rufe wa baƙi ƙofa saboda ibadarsu.

Ni shawarata ku shiga fadar da hantsi. Za a sa ku cire takalma, ku sa wa yara safa. Kada ku yi saurin wuce ɗakin 'yan tsana da ke farkon shiga, sannan ku tsaya sosai a zauren ɗaurin aure. Bangonsa zane-zanen jerin gwanon zamanin sarakuna ne, sojoji da makaɗa da dawaki, kowa da irin rawaninsa. Wanda ya bi zanen nan a tsanake ya fi fahimtar bikin fiye da wanda ke leƙe ta bayan ƙeyar mutane a titi. Tsohuwar fadar ta katako ce, ta ƙone a 1897, wannan aka kammala a 1912.

Sadiq: Ga kuma fadar Jaganmohan, ba nisa, an mayar da ita gidan adana zane-zane. Akwai ayyukan shahararren mai zanen Indiya, Raja Ravi Varma. Da dare ku koma bakin babbar fada, ana kunna ƙwayayen lantarki kusan 100,000 lokaci guda.

Maman Ilham: Malama, ba za a sa mu cikin wani abu na bautarsu ba ko? Abin da ke damun maigida ke nan.

Malama Zainab: Ko kusa. In aka miƙo muku jan garin da suke ɗigawa a goshi, ko alawar da aka kai wurin bauta, ku dafa ƙirji ku yi godiya, ba mai jin haushi. Rana ta tara za ku ga motoci da kekunan ɗinki sun sha furanni, ranar girmama kayan sana'a ce a wurinsu.

Alhaji Bala: Tunda an kayar da ni ƙuri'a, to kada ku bar garin Srirangapatna, yana kan hanyarku ta komawa Bangalo. Can aka fara bikin nan na Wadiyar a 1610, can kuma fadar shan iska ta Tipu Sultan, Musulmin da ya taɓa mulkin Maisuru, take, ginin 1784, yanzu gidan tarihi ce. Masallacinsa na nan, sai ku yi azahar.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Sadiq ɗana, masauki fa?

Sadiq: Ku kama tun yau Hajiya, kuɗin ɗaki na tashi sosai a makon. In ya gagara ku kwana Bangalo ku biyo jirgin ƙasa na safe.